HUNTURU A ALƘAHIRA: YADDA BAƘO KE RABA GAJEREN YINI

Galibin mutanenmu in an ambaci ƙasar Masar, abin da ke faɗo musu a rai shi ne rairayi da zafin rana da kogin Nilu. Saboda haka ne da yawa daga cikin masu zuwa can, ko ɗalibai ko fatake ko masu neman magani, sukan sauka cikin watan Janairu da 'yar riga mai shara-shara, sai sanyi ya yi musu maraba tun daga matakalar jirgi. To, shekaru da dama ke nan aiki yana kai mu birnin Alƙahira a daidai wannan lokaci, watau aikin duba bugun littattafan makarantu da bin takardun ɗalibai. Don haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa mai karatu yadda birnin yake da hunturu, da yadda mutanensa ke tafiyar da zamansu, da kuma yadda baƙo zai raba gajeren yini tsakanin aikin da aka aiko shi, da hakkin jikinsa, da ɗan abin da ransa ke so, ba tare da ɗaya ya cinye rabon ɗaya ba.

Yini gajere, dare dogo

Tun kafin sanyi ya dame shi, abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne gajartar yini. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Alƙahira kuwa tana kan digiri 30, kuma sananne ne ga masana falaki cewa gwargwadon nisan gari daga tsakiyar duniya, gwargwadon bambancin da ke tsakanin yininsa na hunturu da na bazara. A Kano ko a ƙarshen Disamba yini yakan yi kusan awa 11 da rabi, har mutum ba ya jin an rage masa komai. A Alƙahira kuwa awa 10 ne da 'yan mintoci. Rana takan fito wajen ƙarfe 7 saura kwata, a kira azahar kafin ƙarfe 12 ta cika, la'asar ta shiga wajen ƙarfe 3 saura kwata, ƙarfe 5 an yi magariba, kafin 6 da rabi kuma an kira lisha. Wanda ya saba a gida yakan yi la'asar ƙarfe 4, sa'an nan ya sami sauran rana mai yalwa ta zuwa kasuwa da gaishe-gaishe, sai ya tarar a nan ana idar da la'asar inuwar benaye ta riga ta rufe titi. Har wa yau agogonsu yana gaba da namu da awa guda a wannan lokaci.

Mutanen Masar suna riƙe da lissafin watanni iri uku. Akwai na Hijira wanda ake bi don azumi da idi, akwai na Miladiyya wanda ofisoshi da albashi ke bi, sa'an nan akwai na Ƙibɗawa, wanda asalinsa ke komawa ga lissafin mutanen da na zamanin Fir'aunoni. Wannan na ukun shi ne manoma, Musulminsu da Kiristansu, suka gada wajen sanin lokacin shuka da girbi. Watanninsa 12 ne, kowane kwana 30, sai wani ɗan guntun wata mai kwana 5 ko 6 ya cike shekara. Uku daga ciki su ne na tsananin hunturu: Kiyahak yana kamawa wajen 10 ga Disamba, Ɗuba wajen 9 ga Janairu, Amshir kuwa wajen 8 ga Fabrairu. Kowanensu da kirarin da mutanen ƙauye ke yi masa. Kiyahak sukan ce a cikinsa safiyarka ita ce maraicenka, kana tashi daga karin kumallo sai ka shiga neman abincin dare. Ɗuba ita ce mai mai da budurwa tsohuwa, saboda yadda sanyi ke tanƙwara mutum. Amshir kuwa uban guguwa ne da iska mai ƙura.

Wannan lissafi ya yi kama da na malamanmu, waɗanda suka ba dari taurari bakwai, kowane kwana 13, daga Shaula da Na'a'im da Bulda zuwa Sa'adu guda huɗu. Manomin Nilu da malamin zaure duk sun yarda cewa kowane yanki na shekara yana da halinsa, kuma mai hankali shi ne wanda ya daidaita aikinsa da wannan hali. Kalandar ofis ce kurum ba ta san Ɗuba ba. Za a rubuta wa mutum kwana 10 ya je ya gama aiki kaza, alhali wanda ya rubuta bai san cewa kwana 10 na Janairu a Alƙahira ba su kai kwana 10 na Kano auki ba.

Sanyin cikin ɗaki

In aka bi ta ma'aunin zafi, sanyin Alƙahira bai zarce namu da yawa ba. A Janairu yakan kai kimanin digiri 19 da rana, ya sauko 9 ko 10 da dare. Amma fa halinsu daban ne. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe da dunduniya, kuma da hantsi ya dubi ludayi sai ya saki mutum. Nasu kuwa yana da damshi, domin iskar takan biyo ta kan Bahar Rum, kuma yakan yini tare da mutum. Daɗin daɗawa gidajensu an gina su ne don gudun zafin bazara, daɓensu na tayil ko dutse, galibinsu kuma ba su da abin ɗumama ɗaki, har ya zama sau da yawa cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Shi ya sa za ka ga dattawa sun fito da kujeru bakin titi da tsakar rana suna shan hantsi, an naɗe wuya da mayafin ulu, an ɗora abaya mai kauri bisa jallabiya. Baƙon da ya zo ba shiri sai ya tambayi hanyar Wikalatul Balah a unguwar Bulaƙ, inda ake sayar da gwanjon kayan sanyi da rahusa.

Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, kimanin milimita 25 a shekara, wanda ba abin mamaki ba ne a zubar da fiye da shi a Kano cikin dare ɗaya na Agusta. Kusan dukkansa da hunturu yake sauka, kuma da yake tsofaffin tituna da yawa ba a yi musu magudanu isassu ba, ɗan yayyafi ma yakan tsai da motoci. A Disamba na 2013 har ƙanƙara mai laushi ta sauka a wasu unguwannin gefen birnin, abin da dattawa da yawa ba su taɓa gani ba.

A nan akwai wani haɗari da ya wajaba mu ja kunnen iyayen ɗalibai a kansa. Gidajen haya da yawa suna da tukunyar ɗumama ruwan wanka mai aiki da gas, an kafe ta cikin ɗan ƙaramin makewayi. In bututun fitar hayaƙinta ya toshe, ko aka rufe taga saboda sanyi, sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, sa'an nan ya faɗi ba tare da ya iya kiran kowa ba. Kowane hunturu jaridun Masar sukan kawo labarin waɗanda suka rasu ta wannan hanya, wani lokaci ma gida guda. Ita ce dai iskar da ke kashe mai kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki a ƙasarmu. Maganinta kuwa mai sauƙi ne: a duba bututun kafin a kama haya, a bar taga a ɗan buɗe lokacin wanka, kada kuma a kwana da wuta a ɗaki, ko ta gawayi ko ta lantarki kusa da bargo. Rigakafi ya fi magani.

Safiya ta mai aike ce

Wanda aka biya wa kuɗin jirgi da masauki ɗan aike ne, lokacinsa kuma amana ce a hannunsa. Ƙa'idar da muka ɗora tafiyarmu a kanta ita ce, daga fitowar rana zuwa la'asar ba mu da iko da kanmu. Dalili kuwa shi ne ofisoshin gwamnatin Masar suna aiki ne daga Lahadi zuwa Alhamis, kuma galibin tagogin da ake karɓar takardun jama'a sukan rufe kafin ƙarfe 3. Takarda ɗaya kuwa takan bukaci hatimi biyu ko uku a gine-gine daban-daban, wanda duk ya makara a na farko ya rasa na biyu sai gobe. Sai kuma a lura da ranakun hutu: 7 ga Janairu ranar Kirsimetin Ƙibɗawa ce, 25 ga Janairu ita ma ranar hutu ce ta ƙasa, sa'an nan makarantu da jami'o'i sukan shiga jarrabawa cikin Janairu, su tafi hutun tsakiyar shekara a ƙarshensa. In an cire waɗannan tare da Juma'a da Asabar, kwana 10 ɗin nan da aka rubuta za su iya komawa 6.

A cikin gari abin da ya fi ceton lokaci shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira Metro, wanda aka buɗe a 1987, shi ne kuma irinsa na farko a nahiyar Afirka. Tafiyar da mota za ta shafe awa guda tana rarrafe cikin cunkoso, shi yakan yi ta cikin minti 20. Sai dai baƙo namiji ya kula, akwai taragun da aka keɓe wa mata a tsakiyar jirgin.

In aikin ya kai mutum wajen birni, to, nan ne hunturu ke nuna ikonsa. Da asuba wani farin hazo mai ruwa-ruwa da suke kira shabbura yakan kwanta bisa hanyoyin da suka ratsa gonaki da hamada, har direba ba ya ganin motar da ke gabansa, kuma hukumar kula da hanyoyi takan rufe manyan hanyoyi sai ya washe. Sammakon da ake yabo a gida, a nan yana iya zama ganganci. Zuwa Iskandariyya, wadda ke da nisan kilomita 200 da 'yan kai, jirgin ƙasa ya fi kwanciyar rai, awa biyu da rabi zuwa uku. Ita kuwa Iskandariyya hunturunta damina ce sosai. Masuntanta suna da jerin guguwowin teku da suke kira nawwat, kowace da sunanta da lokacinta, kamar Maknasa a tsakiyar Nuwamba, da Ƙasim a farkon Disamba, da Faidatul Kabira cikin Janairu, kuma ba sa fita da jiragensu in lokacin ɗayansu ya gabato. Duk wanda ke da alkawari a can, ya tambayi mutanen gari kafin ya yanke rana.

La'asar ta mai rai ce

Kowane ɗan Adam yana da wani ɗan abu da ransa ke hutawa a cikinsa, wanda ba a biyansa don ya yi shi. Larabawa suna kiran wannan hiwaya. Wani kiwon tantabara, wani dawaki, wani lambu. Akwai masu ganin cewa wannan bai kamaci dattijo ba, amma mu dai abin da muka gani shi ne raƙumin da ba a sauke masa kaya da maraice ba ya kai zango na uku. Namu abin sha'awar farautar tsofaffin littattafai ne, kuma a duk ƙasashen Larabawa da wuya a sami dajin da ya kai Alƙahira wannan irin nama.

Dalilin haka tarihi ne. Muhammadu Ali Basha ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ a 1820, daga nan birnin ya zama cibiyar buga littattafan Larabci fiye da shekara ɗari. Littattafan nan masu rawayar takarda da muka buɗe ido muka gani a zaurukan malamanmu, su Ahalari da Risala da Ishiriniya, da yawansu daga maɗaba'ar Mustafa al-Babi al-Halabi da takwarorinta na kewayen Azhar suka fito. Ragowar wannan dogon aiki kuwa tana nan zube a wurare biyu. Na farko lungunan da ke bayan masallacin Azhar, wanda Jauhar as-Siƙilli ya fara ginawa a 970 aka gama a 972. Na biyu kasuwar da ake kira Surul Azbakiyya, watau katangar Azbakiyya, a unguwar Ataba. Sunan ya samo asali daga Amir Azbak na zamanin Sarki Ƙayitbai, lambun kuma an tsara shi a 1872 zamanin Hidiwi Isma'il, masu littattafai suka riƙa baje hajarsu jikin katangarsa. An sha ɗage kasuwar daga wuri zuwa wuri, har da lokacin haƙar Metro a shekarun 1990, amma sunan katangar bai rabu da ita ba.

Sayen tsohon littafi sana'a ce mai ƙa'idoji. Mai rumfa zai tare ka da "Ahlan ya maulana," ya aika yaro ya kawo shayi, kuma tun kafin ka kurɓa ya riga ya karanta fuskarka. In idonka ya tsaya kan littafi, kuɗinsa ya tashi. Sai mutum ya ɗauki uku ko huɗu, ya sa wanda yake so a tsakiya. Sa'an nan a duba shafin ƙarshe inda maɗaba'a ke rubuta shekarar bugu da sunan mai gyara, a bi lambobin shafi don kada a tarar wata malzama ta ɓace, a ɗaga takarda sama a ga ko ƙwaro ya huda ta, a sansana a ji ko ruwa ya taɓa shigarta. Har wa yau takardar da ta sha damshin Ɗuba, in aka kawo ta Kano cikin hunturu, sai bangonta ya kanannaɗe, mannenta ya tsattsage, don haka in an iso gida a kwantar da littattafan a danne su da nauyi na 'yan kwanaki kafin a jera su.

Ba mu ne farkon mutanen ƙasarmu da littafi ya riƙe a wannan birni ba. Malam Muhammadu al-Kashinawi al-Fulani, mutumin Katsina, masanin lissafi da falaki, ya zauna a Alƙahira bayan hajjinsa, ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, kuma a hannun mai masaukin nasa ya bar wasiyyar littattafansa. A cikin Azhar kanta an taɓa keɓe wa ɗaliban Barno ruwaƙi a zamanin da.

Amma fa abin sha'awa kamar ɗan akuya yake, in ba a ɗaure shi ba sai ya shiga rumbu. Mun sha ganin wanda aka aiko da aiki ya shagala da kasuwa, har ranar komawa ta zo takardun mutane suna cikin jakarsa ba hatimi, ɗalibi ya yi hasarar shekara guda saboda wani ya tsaya ciniki. Don haka muka yi wa namu turke uku. Turken lokaci: ba ma taka Ataba sai an rufe ofis, watau tsakanin la'asar da lisha. Turken kuɗi: guzurin aiki aljihunsa daban, kuɗin littafi daga namu aljihun yake fita, in ya ƙare an tashi kasuwa. Turken nauyi: jakar jirgi galibi kilo 23 ce, alhali Lisanul Arab na Ibnu Manzur bugun Bulaƙ shi kaɗai juzu'i 20 ne. Wanda ya ga irin wannan ya ƙyasa, sai ya nemi masu aika kaya, ko ya haƙura zuwa baɗi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Inda aiki da sha'awa ke haɗuwa

Akwai mako biyu a shekara da waɗannan abubuwa biyu ke zama a tabarma ɗaya, watau lokacin babbar kasuwar baje kolin littattafai ta Alƙahira. An fara ta a 1969, shekarar da birnin ya cika shekara dubu da kafuwa, kuma bisa al'ada tana ci daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, daidai da hutun makarantu. Ba a yi ta ba a 2011 saboda juyin juya halin da ya ɓarke a watan, a 2021 kuma annobar korona ta sa aka mai da ita tsakiyar shekara. Ta fara ci ne a tsibirin Jazira, daga baya ta koma Madinatu Nasr, sa'an nan a 2019 aka kai ta sabon filin baje koli da ke Sabuwar Alƙahira, can gabas da gari. Masu buga littattafai daga Bairut da Dimashƙa da Riyad da Tunis da Magrib duk sukan hallara, har da masu rumfunan Azbakiyya. Wakilin makaranta zai iya gama cinikin shekara cikin kwana uku, ya kuma ga abin da ransa ke so a hanya. Sai dai wurin da nisa, ranar Juma'a da Asabar kuwa ba masaka tsinke, gara a je da safe a tsakiyar mako.

Su ma mutanen gari suna da nasu rabon la'asar. Wanda ya hau tudun lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005, ya dubi tsohon birni kafin faɗuwar rana, zai ga wasu dogayen akurkai na katako bisa rufin benaye, an yi musu fenti kore ko shuɗi. Waɗannan su ake kira giyya, ɗakunan tantabaru ne. Mai su zai dawo daga aikinsa, ko makaniki ne ko mahauci ko ma'aikacin ofis, ya hau sama ya saki garkensa, ya tsaya yana kaɗa tuta yana fito, garken yana kewaya hasumiyoyi, kowa yana ƙoƙarin janye tantabarar maƙwabcinsa cikin nasa. Da magariba ta yi sai a kira su gida a rufe. Duk mai kiwon tantabara a ƙasarmu zai gane wannan wasa ba tare da tafinta ba. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya saki garke da hantsi. Sai da aka rufe shago.

A ƙasa kuwa titi yana cika da abincin hunturu. Ga masu tura amalanke da 'yar tanderu suna gasa dankalin Hausa, hayaƙi yana tashi ta bututu. Ga miyar wani ɗan ƙaramin wake da suke kira adas, ana shan ta da zafi a matsa lemun tsami. Ga sahlab, wani farin abin sha mai kauri kamar kunun madara, an barbaɗa masa gyaɗa da kwakwa. Ga hulba da kirfa da citta, har zoɓo ma da zafi suke shan sa a wannan lokaci. Lemun zaƙi kuwa lokacinsa ke nan, tuli-tuli a kowace kwana. Baƙon da ya bi cimar mutanen gari ya fi wanda ya nace wa ruwan sanyi da abincin gwangwani zama lafiya.

Dare na karatu da tuna gida

Abin da yini ya rage, dare ya mayar. Daga lisha zuwa asuba kusan awa 11 ne, kuma ko mutum ya ba barci bakwai, saura huɗu. A cikinsu ne ake duba gyaran maɗaba'a na gobe, a jera takardun da za a kai ofis bisa tsarin hanya, a rubuta abin da aka kashe tun ba a manta ba, sa'an nan a shiga bargo a buɗe abin da aka farauto da la'asar. Alƙahira gari ne mai hira, gidajen shayi ba sa rufewa da wuri, 'yan'uwa ɗalibai kuma suna son baƙo daga gida. Zumunci wajibi ne, amma wanda ya kai ƙarfe 1 yana hira, ya ci bashin safiyar da ba tasa ba. Mukan ware daren Alhamis da yinin Juma'a don ziyara, sauran darare kuwa a yi sallama da wuri.

Cikin wannan dare ne kuma ya kamata matafiyi ya tuna cewa waɗanda ya baro su ma cikin hunturu suke. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana sauka a kansu, yara suna tari, tsofaffi suna fama da ƙirji, kuma lokacin gobara ke nan a gidaje da kasuwanni. Maigidan kirki tun kafin ya tashi ya tanadi barguna da man shafawa da abin dafa ruwa, ya ja kunne a kan kasko da wayar lantarki, sa'an nan ya sa lokaci tabbatacce na buga waya kullum. Ita dai wannan ƙura takan hana jirage sauka da tashi a Kano in hazo ya yi kauri, saboda haka tafiyar da ba ta kai awa biyar a sama ba tana iya cin kwana biyu a ƙasa. Kada mutum ya sa ɗaurin aure ko jarrabawa washegarin ranar dawowarsa.

To, jama'a, wannan shi ne abin da muka ga ya dace mu kawo game da hunturun Alƙahira. Wanda zai aika ɗan aike can tsakanin Disamba da Fabrairu, ya ƙidaya masa ranakun aiki na gaskiya, ya ƙara masa biyu saboda hazo da shabbura. Wanda zai tura ɗansa karatu, ya sa masa rigar sanyi da safa a jaka, ya kuma karanta masa abin da muka faɗa a kan tukunyar gas. Shi kuwa matafiyi, ya ba mai aikensa safiya cikakkiya, ya ba ransa la'asar ba tare da jin kunya ba, ya ba jikinsa da iyalinsa dare. In Amshir ya kama, iska ta fara kaɗa tagogi, yini ya fara miƙewa, to, alama ce ta a ɗaure kaya. Allah Ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya, Ya sa ya tarar da iyalinsa lafiya.